Aikin Ƙidayar Lokaci a Shagonmu na Lantarki a Sakkwato

Mafi yawan aikin da ke fita daga shagonmu a kan abu guda yake: na'urar da za ta san lokacin jira da lokacin sakin wuta. Duk mai firij a Sakkwato ya san yadda ake ɗauke wuta a dawo da ita nan take, alhali kwamfiresa, wato injin da ke sa firij sanyi, na bukatar hutun kamar minti uku kafin ya sake tashi, domin matsin iskar da ke cikinsa ya daidaita. Idan aka tilasta masa tashi kafin nan, sai ya ja wuta fiye da ƙima, a kwana a tashi ya ƙone.

Tushen wannan aiki shi ne da'irar bugu ɗaya, wadda in aka taɓa ta sau ɗaya take kunnawa na ƙayyadadden lokaci, sannan ta koma yadda take. Sanannen ai-si a nan, wato ɗan guntun da aka cusa da'irar lantarki a cikinsa, shi ne 555, wanda Hans Camenzind ya tsara a 1971, kamfanin Signetics na Amurka ya fitar da shi kasuwa a 1972. Lissafinsa ba wuya: a ninka 1.1 da ƙimar rizisto, mai rage gudun wuta, da ta kafasita, mai tara caji, sai a sami tsawon lokacin. Rizisto mai kilo'om 100 da kafasita mai maikurofarad 100 suna ba da daƙiƙa 11. Da 555 muke haɗa fitilar zaure mai kashe kanta da ƙararrawar ƙofa.

Sai dai ga jiran minti uku ba na yarda da shi, kuma a nan ne aikinmu ya rabu da na masu kwaikwayo. Dogon jira da 555 na bukatar babban kafasita mai ruwan sinadari a ciki, irin wannan kuwa yana yoyon caji, yoyon kuma ƙaruwa yake da zafi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, lokacin da aka saita da hunturu ba shi za a tarar da bazara ba. Mu ai-si CD4060 muke sa wa, mai ƙirga bugu da kansa. Mukan saita shi da ƙaramin kafasita marar yoyo a kan bugu kusan 45 a daƙiƙa, ƙafarsa ta ƙarshe kuma ba ta tashi, wato ba ta fitar da wuta, sai ya ƙirga 8192, wato minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, sannan rili, wato makunnin da wuta ke sarrafa shi, ya saki wuta.

Maigidana da ya koya mini sana'ar, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa dalma ba sai da na haddace halin ai-si CD4011, mai ƙananan da'irori huɗu da ake kira ƙofofi, kowace ba ta sauke wutar ƙafar fitarta sai ƙafafun shigarta biyu sun tashi tare. Yakan ce, "Yaro, kada ka bar ƙafar shiga a sake, ɗaure ta sama ko ƙasa," wato a haɗa ta da ɗaya daga layukan wuta biyu na da'irar. Shi ya nuna mini dalilin manna kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafar wutar kowane ai-si, domin tartsatsin rili kaɗai ya isa ya ruɗa ƙidaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabun kaya. Wasu dillalai kan kankare lambar tsohon ai-si su buga sabuwa, wasu kuma su haɗa akwatin jira babu waɗannan kariya, su karya farashi, sai mai saye ya zo yana cewa namu ya yi tsada. Saboda haka kowane ai-si sai ya hau allon gwaji kafin ya shiga aiki, kowane akwati kuma sai mun jarraba shi cikin zafin rana da agogo a hannu, mun kashe mun kunna a jere, kafin mu rubuta masa ranar fita mu miƙa wa mai shi.