Fuska ɗaya, hoto uku

Shekara biyu na yi ina nazarin rubutacciyar waƙa a jami'a, kuma duk takardar da na rubuta jigo ne ke cinye ta. Jigo, warwarar jigo, sai can ƙarshe in liƙa layi biyu: waƙar 'yar ƙwar biyar ce, wato mai layi biyar a kowane baiti, ga amsa-amonta. A wurina zubi da tsari kwano ne kawai, saƙon shi ne tuwon.

A ɗakin tace fim na gane kuskurena, inda nake koyon aiki lokacin hutu. Maigidana ya ba ni labarin Lev Kuleshov, mai shirya fim ɗan Rasha da wajejen 1920 ya yi amfani da hoton fuskar wani jarumin fim, ba fara'a ba ɓacin rai. Ya jera ta da kwanon miya, sannan da yarinya a akwatin gawa, sannan da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ce sun ga yunwa, sun ga baƙin ciki, sun ga sha'awa, alhali fuskar ko gezau ba ta yi ba. A daren na gwada da hotunan wani biki da muke tacewa. Amarya ta sunkuyar da kai: in na biyo da ango sai ta zama mai kunya, in na biyo da mahaifiyarta sai ka ji tausayi ya kama ka.

Sai tahmisi ya faɗo mini a rai. Malami ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, wato layi biyu, ya ɗora masa uku a sama, kari ɗaya, amsa-amo ɗaya. Ko wasali bai taɓa ba a ɗangayen asali, amma in ka iso gare su bayan ukun nan, da wani kunne kake jin su. Na sha karanta tahmisi ban taɓa lura da wannan ba.

Viktor Shklovsky, wani manazarcin adabi ɗan Rasha, ya rubuta a 1917 cewa sabo yana kashe mana gani, aikin fasaha kuwa ta mayar da abin da muka saba baƙo, mu sake ganinsa. Na yarda da shi. Inda na rabu da mazhabarsu ta masu fifita zubi da tsari shi ne ture marubuci da zamaninsa gefe, domin waƙar wa'azi ta ƙarni na 19 ba ta karantuwa in an cire jihadi.

Da muka koma makaranta aka ba mu wata waƙa mu yi nazari. Sau uku na rera ta da ƙarfi, ina buga tebur a kan kowace gaɓa mai nauyi, kafin in ɗauki biro.