Hatimin magatakarda da dokar samun bayanai

Duk wanda ya taɓa neman takarda a ofishin gwamnati a Najeriya ya san amsar nan: "Oga ba ya nan, ka dawo gobe." Ko a ce maka ai wannan sirrin gwamnati ne. Tun ranar 28 ga Mayu, 2011, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wannan uzuri ya rasa madogara, sai dai har yau yana aiki a bakin ƙofa. Dokar ma da kyar ta samu. Tun 1993 ƙungiyar Media Rights Agenda da takwarorinta suke fafutuka, majalisa ta amince a 2007, Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba.

Abin da aikin jarida ya koya mini, wanda ba a faɗa mana a aji ba, shi ne darajar hatimi. Kwana 7 doka ta ba ma'aikata ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa, amma lissafin daga ranar da aka karɓi wasiƙarka yake farawa. Shi ya sa nake kai kwafi biyu, in tsaya a kan magatakarda har ya buga hatimi da kwanan wata a nawa. Wani zai ce tawada ta ƙare, wani ya ce, "Ajiye kawai, Malam, za a duba." Wasiƙar da aka ajiye haka, gobe za a rantse maka ba ta taɓa zuwa ba.

Sai yadda ake rubuta ta. In ka ce a yi maka bayani kan gyaran asibiti, shafi biyu na yabon gwamna za ka samu. Takarda ake nema da sunanta: wasiƙar ba da kwangila, sunan kamfanin, nawa aka biya, yaushe. In an tambaye ka me za ka yi da ita, ba dole ka faɗa ba, kuma ba sai kana ɗan jarida ba. Manomi ma yana da wannan haƙƙi.

Inda abin yake da rauni shi ne hukunci. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu, tarar kuwa naira 500,000 ce, kuɗin da a yau ba ya hana babban jami'i barci. Ga kuɗin lauya, ga gidan rediyon da rabin tallansa daga gwamnati yake zuwa. Editoci da yawa a nan suke ja da baya, ni kuma ban cika ganin laifinsu ba.

Jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta shafe su ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a daga jihar Edo, ta ce ta shafe su. Yanzu nakan ambaci hukuncin a sakin layi na farko na duk wasiƙar da zan kai ma'aikatar jiha.