Ɗaukar hoton anini da sule: inda na kai kan fitila da kamara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon ɗaukar hoton tsofaffin kuɗi. Ga inda na kai a 'yan makonnin nan. Tambayar da aka fi yi mini ita ce wace kamara za a saya, ni kuwa abin da aikin ya nuna mini shi ne: kafin kamara, a fara neman fitila da abin da zai riƙe kamarar ta tsaya cak.

Kuɗin da nake aiki da su na gida ne: anini, ɗari da kwabo masu huji na zamanin Turawa, taro mai kusurwa 12 na 1959, sisi, sule da fataka, sai kwabbai na 1973 da aka canza kuɗi zuwa naira. Kowane ƙarfe da irin hasken da yake so. Tagulla mai duhu tana shanye haske, farin ƙarfe kuwa yana mayar da shi, har wurin ya fito fari fat babu rubutu.

Maganar kamara ba ta da tsawo. Mai waya ya ja baya kamar taƙi guda, ya jawo hoton ninki biyu, domin in wayar ta matso sosai ita da kanta take tare hasken, kuma bakin kuɗin yakan fito a karkace. Mai babbar kamara, ko da ta hannu ce, gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, na milimita 90 zuwa 105 ya fi dacewa, irin su Tamron 90 ko Canon 100. Na fi son su a kan na milimita 50 saboda tazarar da suke bari tsakanin kamara da kuɗin, kuma a wannan tazarar fitila take samun wurin shiga. Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai zobban da ake sawa tsakanin kamara da gilashinta, suna da araha kuma suna aiki. Kada kuma a damu da sai an kai girman 1:1, wato kuɗin ya faɗa cikin kamara da ainihin girmansa. Anini faɗinsa wajen milimita 20 ne, kwabo ya kai 30, don haka a ƙananan kamarori ko cikin hoton ba za su shiga ba a wannan girman. Inda ake buƙatarsa shi ne in ana farautar ɗan harafin nan H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga kuɗin.

Kamarar tana kallon ƙasa ne, a ɗaure jikin ƙafarta ko wani katako da kafinta ya haɗa. Don in tabbatar ta daidaita, nakan ajiye ƙaramin madubi a inda kuɗin zai zauna. In na ga idon kamarar a tsakiyar hoton, to ta miƙe. Ina barin ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, a 100, ƙofar haske a f/8, in sa ta jira daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, saboda ko taɓa maɓalli yana girgiza ta.

Yanzu ga inda aikin yake. Fitilu biyu nake amfani da su, ƙananan LED na tebur masu wuyan lanƙwasa, iri ɗaya, masu farin haske na wajen 5000K a ma'aunin launin haske. In aka haɗa ƙwai mai ja-ja da mai fari, rabin sule zai fito kamar zinariya, rabi kamar azurfa, kuma da wuya gyaran kwamfuta ya daidaita shi. Haka hasken taga, a rufe labule. Masu fitila mai caji su lura: batir na yin ƙasa haske na raguwa, sai a tarar da gaban kuɗin da bayansa ba su yi kama da juna ba. A cika caji kafin a zauna.

Ga kuɗin da bai sha hannu ba, mai sauran ƙyalli, fitilun suna hawa sama kusa da kamara, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, wajen ƙarfe 10 da ƙarfe 2 in an kwatanta da fuskar agogo. Haka na ɗauki kwabo 25 na 1973, sai ga buhunan dalar gyada sun fito layi-layi, ƙwayoyin gyadar da ke gaba har zanen ɓawonsu ana gani. Da na sauke fitilun ƙasa don gwaji, filin kuɗin ya yi baƙi, ƙyallin ya ɓace, sai karce-karce suka cika ido.

Amma wannan saukewar ita ce maganin kuɗin da ya goge. Ina da kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga sarautar Ingila a shekarar da ya hau. Kuɗinsa bai shiga hannun jama'a a Ingila ba, amma namu na Afirka ta Yamma ya fito, tunda mai huji ba a sa masa hoton kan sarki, suna kawai ake rubutawa. Nawa ya sha yawo a kasuwa har rubutun Larabcin da ke ƙarƙashin hujin ya kusa shafewa. Na kashe fitila ɗaya, na kwantar da ɗayar kusan daidai da tebur, na riƙa juya kuɗin a hankali. A wani wuri sai haruffan suka tashi, kowanne da 'yar inuwarsa, ana karantawa sarai. Ta ɗaya gefen na tsayar da farar takarda don ta mayar da ɗan haske, kada inuwar ta yi nauyi. Wannan hoton ya faranta mini rai ƙwarai, domin wanda ya ba ni kuɗin ya ɗauka rubutun ya tafi ke nan.

Hujin kansa yana da tasa matsalar: duk abin da ke ƙarƙashi ta nan yake leƙowa. Nakan ɗora kuɗin a kan gilashi mai tsabta, in ɗaga gilashin a kan littattafai biyu, baƙin ƙyalle yana can ƙasa da nisa. Sai hujin ya fito baƙi ƙirin, tauraro mai tsini shida da ke kewaye da shi ya fito fes.

Wani roƙo da nake yi wa kowa: kada a wanke kuɗin don hoto ya yi kyau. Toka, lemun tsami, man goge ƙarfe, duk suna cinye fatar da shekaru suka yi masa, kuma masu tara kuɗi da kallo ɗaya suke gane wanda aka dirje, darajarsa ta faɗi. Aninin farko na 1907 ma na alminiyom ne, bai jure yanayinmu ba har aka sauya masa ƙarfe a 1908, to wanda ya tsira zuwa yau bai kamata a taɓa fuskarsa ba. A riƙe shi ta baki-baki. Ƙurar hunturu kuwa a hure ta da 'yar robar hura iska daf da ɗauka, domin a makro ƙwaya ɗaya tana rufe harafi.

Abin da ke gabana yanzu liyari ne, babban kuɗin azurfan nan na Mariya Taresa ta Ostiriya, wanda fatake suka riƙa shigowa da shi ta Sahara, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta, 1780 ake rubutawa. Filinsa yana da santsi, yana mayar da hoton fitilar kanta. Dabarar da nake gwadawa ita ce a jingina gilashin firam a karkace, digiri 45, tsakanin kamara da kuɗin, a hasko shi daga gefe, gilashin ya tura hasken ƙasa kai tsaye, a kuma sa baƙin kwali a bayansa ya shanye ragowar. Filin ya fara fitowa da haske sumul, saura mayafin sarauniyar da yake son ƙarin inuwa, don haka zan ƙara ƙaramar fitila ta gefen hagu in ga yadda za su zauna tare.