Kafin ka karɓi bindigar da aka miƙo maka

A farkon shekarar 2010, bayan rikicin watan Janairu, kusan kowace unguwa a Jos ta kafa 'yan sintirinta. Mu ma a wajen titin Bauchi haka muka yi. Shekarata 24 a lokacin. Duk wanda ya ga Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 a garin nan ya san irin tsoron da ke hana mutum runtsawa, ko kare ya yi haushi sai gabanka ya faɗi. Da dare mukan hura wuta a bakin layi, wasu da gora, wasu da adda, muna lulluɓe da barguna saboda sanyin hunturu. Bindiga ɗaya ce a duk layin, ta farauta mai baki ɗaya, ta wani magidanci da ya gaje ta daga mahaifinsa.

Wani dare mai ita ya ce zai shiga gida ya ɗan kishingiɗa. Ya dube ni ya ce, "Ka iya riƙewa ai ko?" Na ce na iya. Ƙannena, a nan na fara yin kuskure, kuma shi ya haifi duk sauran. Ban taɓa harba bindiga ba. Ban san yadda ake karya ta a duba ko da harsashi a ciki ba. Amma yara na kallona, ni ne babba a cikin samarin da ke wurin, sai na ji kunyar in ce a nuna mini. Na karɓa. Bai gaya mini a ɗane take ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na zauna a kan benci, na ɗora ta bisa cinya, yatsana a kan kunama, don haka nake gani ana yi a fim. Can wajen ƙarfe biyu muka ji wani abu ya faɗi a bayan shagunan da ke tsallake. Na zabura zan miƙe, gefen bargona ya harɗe ƙafar bencin, na yi taga-taga. Ban ja kunamar da niyya ba, Allah ne shaidata. Daga baya ne wani dattijo tsohon soja ya fahimtar da ni cewa idan mutum ya firgita ko ya yi tuntuɓe, hannunsa kan damƙe da kansa, kuma yatsan da ke kan kunama ba ya jiran izinin mai shi.

Ƙarar ta toshe mini kunne. Da hayaƙin ya ɗan washe sai na ga ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara 16 da ya kawo mana shayi a fulas, yana zaune a ƙasa ya riƙe ƙafarsa. Bai yi ihu ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya, ƙafata." Harsashin bindigar farauta ba ƙwaya ɗaya ba ce, tarin 'yan ƙwayoyin dalma ne da ke bazuwa idan sun fita. Da yawansu sun shige masa daga gwiwa zuwa ƙauri. Abin da ya faɗi a bayan shagunan kuwa kwanon rufi ne iska ta ture.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don shi da hankalina na yi shi. Maimakon mu ɗauke shi nan take, sai muka tsaya shawara. Akwai dokar hana fita, akwai sojoji a kan titi, kuma a wancan zamanin asibitoci da dama ba sa taɓa wanda aka harba sai da takardar 'yan sanda. Wani ya ce a taso mai kemis. Ni kuwa abin da ke raina shi ne idan aka je za a tambayi wa ya yi harbin, da izinin wa ya riƙe bindigar. Mun ɗaure ƙafar da rawani, muka ɓata kusan awa guda, yaron na zubar da jini, ni ina lissafin kaina. Mahaifiyarsa ce ta fito, ba ta ce da kowa komai ba, ta sa aka ɗora shi a amalanke ta nufi shingen sojoji. Su suka kai shi asibiti. Ku sani, tun 2017 akwai doka a Najeriya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda. Idan irin wannan ta faru a gabanku, kada ku tsaya shawara ko na minti ɗaya.

Shi ya sa idan na ji ana gardamar ko ya kamata a tilasta wa mutum koyon sarrafa bindiga kafin a ba shi izinin riƙe ta, ba na jin ta kamar gardamar mutanen Amurka. A gidanmu take. Dokar bindigogi ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi kashi-kashi. Na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin na farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha izininta yake. Ta kuma lissafa waɗanda ba za a ba wa lasisi ba: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, wanda ba ya iya kame kansa, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ku sake duba jerin nan. A daren nan babu ko ɗaya daga ciki da ya shafe ni. Idona garau, hankalina lafiya, ban taɓa shiga kotu ba. Abin da na rasa kawai shi ne sani, shi kuma ba ya cikin jerin.

Wasu ƙasashe sun sa shi a ciki. A Afirka ta Kudu, dokarsu ta shekarar 2000 ta ce sai ka sami takardar shaidar ƙwarewa kafin ka nemi lasisi. A Kanada sai ka yi kwas na kiyaye haɗari ka ci jarrabawa. Amma ba sai mun je nesa ba. Maharbanmu na gargajiya ba sa miƙa wa yaro bindiga ranar da ya fara bin su daji. Zai daɗe yana ɗaukar jaka da gora, yana kallon yadda ake ɗura albarushi, yana koyon inda ake tsayawa don kada a shiga gaban mai harbi. Addini ma bai bar wannan ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni. Na san hadisan nan tun ina makarantar Islamiyya. Ban taɓa haɗa su da ƙarfen da ke kan cinyata ba.

Na san amsar da wasunku za su ba ni: ɗan bindigar da ke shigowa ƙauye tsakar dare wace makaranta ya yi? Ban raina wannan magana ba. Wanda ya binne 'yan'uwansa a ƙauyukan Filato ko Zamfara ba zan koya masa abin da ake kira tsoro ba. Na kuma ji lokacin da Janar T. Y. Danjuma ya ce mutane su kare kansu a 2018, da lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga a 2022. To amma shi ɗan ta'adda bai damu da wanda harsashinsa zai samu ba. Kai kuwa a tsakiyar naka kake tsaye, ƙanenka a dama, maƙwabcinka a hagu, matarka a bayan katangar da ka juya wa bakin bindiga. Maharin da kake jira wataƙila ya zo, wataƙila kada ya zo. Su kuwa kullum suna kusa da kai. Don haka ra'ayina a fili yake: duk wanda hukuma za ta ba lasisi, ko ɗan banga ne ko manomi ko mafarauci, a fara koya masa, a gwada shi, sannan a ba shi.

Tsohon sojan nan ya zaunar da ni bayan wata biyu da faruwar abin. Abin da ya nuna mini bai kai rabin awa ba. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi har sai ka buɗe ka gani da idonka. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka son hallakawa. Yatsanka ya zauna a waje, kada ya kusanci kunama. Kada ka harbi motsi ko ƙara, sai abin da ka gani ka tabbatar, ka kuma san abin da ke bayansa. A gida a ajiye ta babu harsashi, a kulle, harsashin a wani wuri dabam. Da ya gama ya ce, "Ɗana, mu a soja mun fi daɗewa muna koyon yadda ba za mu yi harbi ba." Na yi kuka a gabansa, don rabin awar nan ita ce tsakanina da ƙafar yaron.

Idan aka miƙo maka bindiga a wurin sintiri, ka ce ba ka iya ba. Ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Riƙe ta babu lasisi laifi ne da ke kai mutum gidan yari, ko da ta aro ce. Sintiri na buƙatar mai tocila, da mai usur, da mai lambar wayar jami'an tsaro, ka zama ɗaya daga cikinsu.

Iyayen yaron sun yafe mini, ba su karɓi komai ba sai kuɗin magani da mahaifina ya dage sai ya biya. Yanzu tela ne, yana da shago da 'ya'ya uku. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, don haka da ƙafar hagu kaɗai yake taka keken ɗinki idan babu wuta. Akwai ƙwayoyin dalmar da likitoci suka bari a ciki, suka ce ciro su zai fi yin ɓarna. Da hunturu ya kama sai ƙafar ta riƙa yi masa zogi. Har gobe Yaya yake kirana, kuma duk sallah shi ke ɗinka mini kaya.