Tsohon firam ba ya son fenti

Mu masu aikin firam a Sakkwato abin da aka fi kawo mana sananne ne: hoton Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, hoton Sardauna, takardar naɗin sarauta, Ayatul Kursiyyu mai zayyana, sai satifiket. Jifa-jifa kuma a shigo da wani tsohon firam da aka gada, a ce a fesa masa ruwan gwal ya koma sabo. Wannan shi ne aikin da ba ma so, kuma ga dalili.

Sana'ar ta girmi kamara nesa ba kusa ba. An tono hoton wata mata cikin firam ɗinsa na katako a Hawara ta ƙasar Masar, ya kusa shekara 2000. Masassaƙan Italiya da Faransa su suka kai adon zinariya ƙarshe, su kuwa mutanen Holan a ƙarni na 17 baƙin katako suka fi so, dangin kanyarmu. Firam mai zinariyar ba fenti ake yi masa ba. Alli ake damawa da gam ɗin fatar zomo, a shafa bisa katako sau da yawa, a goge ya yi sumul, a bi da jan yumɓu, sannan a shimfiɗa ganyen zinariya wanda numfashi ma yana ɗauke shi, a dirje da dutse mai santsi har ya yi ƙyalli. Daga ƙarshen ƙarni na 18 aka rage sassaƙa, ana zuba kwaɓin alli da gam da mai a cikin mazubi, a fitar da furannin ado a manna a jikin firam.

To, idan aka kawo maka irin wannan tsohon firam, fara juya bayansa. Sawun aikin hannu da tsofaffin ƙusoshi a can suke. A gaba kuma duba inda hannu ya cinye: in ja ya leƙo daga ƙasa, kuma kana ganin layin da ganye ya hau kan ganye kusan kowace santimita 8, zinariya ce ta gaske. Fentin gwal duhu yake yi da shekaru, har ya ɗauki kore. Kada jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa shi, domin ruwa yana narkar da gam ɗin, adon ya biyo tsumman. Busasshen buroshi mai laushi ya isa. Furen da ya ɓalle a adana shi, ana mayarwa.

Yanayinmu shi ne babban abokin gaba. Katako yana shan danshin damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi, sai kusurwa ta buɗe baki daga ciki, allin ya tsattsage. Shi ya sa ɗanyen katako ba ya shiga aikinmu, ko da maɗaci ne. Yankan kusurwa digiri 45 ne cif. Kuskuren digiri ɗaya a yanka takwas, kusurwa ta huɗu ba za ta haɗu ba, kome yawan gam. Gurbin gilashi a bar masa sararin milimita 3, in ba haka ba katako ya matse shi ya fashe. Ƙaramin aiki gilashi mai kaurin milimita 2, babba 3.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne takarda. Hoto bai kamata ya jingina da gilashi ba. A sa kwali mai taga a tsakani. In danshi ya shiga, hoton mannewa yake yi, ka ja, fuskar mutum ta zauna a gilashin. Kwalin katan da ake cusawa a baya yana mayar da takarda ruwan ƙasa, salatif kuma yana barin tabon da ba ya fita. Rubutun ajami na hannu kuwa, tawadarsa da ƙaro aka haɗa ta, ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta. Don Allah kada a yi masa laminetin, zafin da robar ba a warware su. A ɗauki hotonsa a rataye kwafin, asalin ya koma cikin gafakarsa.

Bayan firam a rufe shi da takarda mai gam saboda ƙura da kyankyaso. A ɗaura wayar ratayewa a kashi ɗaya cikin uku na tsayin firam daga sama, a nemi bangon da rana ba ta dukansa, kuma a riƙa leƙa bayansa da damina, musamman a ɗakin ƙasa, inda gara kan cinye katakon ta ciki ta bar fuskar lafiya lau.