Danƙo, ƙwallo da jinin da ke kwanciya a ido

A nan Maiurno ta ƙasar Sudan, da dawa ta fara nuna sai yara su bazu gona da danƙo suna korar tsuntsu, ni kuwa gabana ya shiga faɗuwa. Ɗan ƙanwata dutsen danƙo ne ya same shi a ido. Ido bai fashe ba, ba yanka, sai kowa ya ce Allah ya tsare. Washegari muka ga jini ya kwanta a ƙasan baƙin idon, muka nufi asibiti a birnin Sinnar.

Likita ya ce a kwantar da shi kai a sama, a rufe idon da murfi mai tauri, kada a ba shi asfirin, don jinin kan sake ɓallewa tsakanin kwana 2 zuwa 5, kuma na biyun ya fi muni. Sannan ya tambaya ko akwai sikila a danginmu. Ashe ko mai AS ne, wato wanda ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai, ƙwayoyin jininsa na iya toshe magudanar ruwan ido, matsi ya hau, jijiyar gani ta lalace da wuri. Mu da sikila ta yi wa yawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ƙwallo, naushi, robar ɗaure kaya a amalanke in ta kuɓuce, duk haka suke yi. Jinin yakan washe, gani ya dawo. Amma wani yanar ido ce ke fito masa, wani tantanin bayan ido ne ke ɓanɓarewa, wani kuma sai bayan shekaru hawan jinin ido ya kama shi. Shi ya sa aka ce a riƙa auna idon yaron duk shekara, har girmansa.