Talata, ranar awo: ciwon bayan masu juna biyu

Yau ranar awon ciki ce, kuma kusan duk wadda aka turo mana sashen gashin ƙashi kukanta ɗaya: da safe lafiya lau, amma daga la'asar kwankwaso kamar zai tsinke. Wannan bambancin na safe da yamma yana da dalili.

Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya akwai faya-fayan guringuntsi 23, cike da ruwa kamar soso. Muddin mutum yana tsaye ko zaune, ƙarfin jan ƙasa yana matse su, ruwan yana fita kaɗan-kaɗan, shi ya sa da dare mutum yake raguwa da kusan santimita 1 zuwa 2 a kan tsawonsa na safe. In ya kwanta sai su sake tsotse ruwan. 'Yan sama jannati da ke zaune inda babu wannan matsi tsawonsu har ƙaruwa yake yi.

To, mai ciki ta ɗora kaya a kan wannan. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙaru da kilo 11 zuwa 16 kafin ta haihu, mahaifa kaɗai tana tashi daga abin da bai kai giram 100 ba zuwa kusan kilo ɗaya. Kuma nauyin duk a gaba yake. Don kada ta kifa, sai ta riƙa turo ƙirji baya, lanƙwasar kwankwaso ta ƙara zurfi, ƙananan mahaɗan da ke bayan gaɓoɓi biyar na ƙasa su riƙa gugar juna, tsokar baya kuma ta wuni a ɗaure. Tsokar ciki da ya kamata ta taya ta ta riga ta miƙe, wani lokaci ma ta rabu a tsakiya. Ga sinadarin jiki da ke sassauta jijiyoyin ƙugu don shirin haihuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa mata suna da gaɓoɓi uku masu siffar da ke sauƙaƙa wannan lanƙwasa, maza kuwa biyu. Ikon Allah ke nan, amma bai hana ciwo ba.

Abin da na fi daɗewa a kansa yau aikin gida ne, don nan ɓarnar take. Shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a sunkuye, jan guga, ga goyo a baya ga ciki a gaba. Sunkuyo daga ƙugu da ƙafafu a miƙe shi ne mafi muni. A ɗaura wa tsintsiya sanda. A ɗora bahon wanki a kan benci. In za a ɗauki abu a ƙasa, a lanƙwasa gwiwa, a jawo shi jikin mutum, a tashi ba tare da murɗa ƙugu ba. In tsayuwa ta yi tsawo wajen girki, a ɗora ƙafa ɗaya a kan bulo, a riƙa sauyawa.

Motsa jiki ɗaya muka koya: a durƙusa a kan hannu da gwiwa, a shafe mara ciki, a tura baya sama a hankali, a riƙe daƙiƙa biyar ana numfashi, a saki. Sau goma, safe da yamma. A haka nauyin cikin yake sauka daga kan ƙashin baya.

Daga mako 28 a daina kwanciyar rigingine, don mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. A kwanta a gefe, filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ciki. Wajen tashi a fara mirginawa gefe, a sauke ƙafafu, a tokara da hannu.

Magani kuwa, don Allah a bar sayen Ibuprofen da Diclofenac a kemis, musamman daga mako 20, suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan mahaifa. Farasitamol ma da izinin ma'aikacin lafiya.

Akwai ciwon da ba na gashi ba ne. Ciwon baya mai zuwa yana tafiya kafin mako 37 yana iya zama naƙuda. Akwai kuma wanda yake zuwa da zazzaɓi da zafin fitsari, ko zubar jini ko ruwa, ko mutuwar ƙafa da kasa riƙe fitsari. Waɗannan ba a jiran ranar awo, asibiti ake tafiya a take.